Yadda Ake Dasa Arokariya a Tudun Adamawa Ta Kama Ƙasa

Tambayar da masu karatu suka fi turowa a kan wannan bishiya kusan iri ɗaya ce: an sayo ta kore shar, an dasa a ƙofar gida, ta yi kyau duk damina, amma kafin watan Maris ya fita ta yi ja ta bushe. Yawanci sanyin hunturu ake ɗora wa laifi, alhali ba shi ba ne.

Arokariya ita ce bishiyar nan mai rassa hawa-hawa, kowane hawa ya zagaye gangar jikinta, tana tsukewa har ta ƙare da tsini ɗaya a sama. Masu sayar da furanni a Ngaundere da Yawunde, a ƙasar Kamaru, sapan suke ce mata. Asalinta tsibirin Nofok ne, a tekun Fasifik gabas da Ostareliya, inda babu zafi mai tsanani kuma iska ba ta rabuwa da danshi. Sanyin da ke kashe ta shi ne wanda ke daskarar da ruwa, kuma garuruwanmu ba su kai nan ba. Abubuwan da ke kashe ta a wajenmu su ne busasshiyar iskar rani, ruwan da ke kwanciya a gindinta da damina, gara, da bakin akuya.

Akwai wani hali nata da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin duk aikin a kansa ya ginu: abin da ta rasa ba ta mayar da shi. Mangwaro ko darbejiya in aka sare su sai su yi sabon toho su cike gurbin. Arokariya in reshenta na ƙasa ya mutu, wurin ya zama fayau ke nan, in kuma tsininta ya karye, da wuya ta koma siffarta ta da.

1. Duba garinku tukuna

Ngaundere tana kan tudu mai tsayin mita 1,100 da ɗoriya, tana samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Da hunturu dare kan yi sanyi har ma'auni ya sauko wajen digiri 10 zuwa 12, rana kuma ba ta ƙuna irin ta ƙasan gangare. Wannan yanayi ya yi mata. Haka ma Banyo, Tinyer, Maiganga da ƙauyukan da ke kan tudun. Tibati ta ɗan fi su zafi, amma da ban ruwa za ta rayu.

Da zarar an sauka gangaren nan na hanyar Garwa, magana ta canza. A Garwa, Marwa, Kusuri da Njamena zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, iska kuma ta bushe ƙayau. A can kada a ɓata kuɗi a dasa ta a fili. Mai sha'awarta ya riƙe ta a babbar tukunya, a baranda mai samun hasken safe kawai. In kuma siffar ce ake so a fili, filawo, itacen nan mai ganye siri-siri kamar zare, ya fi jure zafi. Ba danginsu ɗaya ba, amma daga nesa yana ba da irin wannan kyan.

2. Zaɓen wuri a cikin gida

Ka tsaya inda kake son dasawa ka ɗaga kai. Wannan 'yar bishiyar da ke cikin leda za ta iya kai mita 20 zuwa 30, rassanta na ƙasa su bazu mita uku ko huɗu ta kowane gefe. In akwai wayar lantarki a sama, nemi wani wuri, domin ranar da ta kusa taɓa waya kanta za a sare, kuma kan shi ne bishiyar.

Bar aƙalla mita 6 tsakaninta da bangon ɗaki, mita 8 ya fi. Haka tsakaninta da rijiya da shadda. In jere za a yi a bakin hanyar shiga gida, a sa mita 6 tsakanin kowace biyu. Wurin zai yi kamar ya yi faɗi da yawa a shekarun farko, a cike shi da furanni ko ganyen miya kafin ta girma.

Tana son rana sosai in ta kama ƙasa. Wurin da ya fi shi ne wanda rana ke samu daga safe zuwa azahar, kuma akwai katanga ko wasu itatuwa daga arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Kada a dasa ta ƙarƙashin mangwaro: a inuwa takan miƙe siririya, tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ta yi tsawo, ta karkata tana neman haske. A nisanta ta da bishiyar turare ma, saboda turare yana shanye ruwan ƙasa ya bar ta da ƙishi.

Gargaɗi: guje wa inda magina suka kwaɓa siminti ko aka zubar da ɓaraguzan bulo. Jar ƙasar tudun nan tana da ɗan tsami, kuma haka arokariya ke so. Siminti da farar ƙasa suna kashe wannan tsamin, sai sabon toho ya riƙa fitowa rawaya-rawaya komai takin da aka zuba.

3. Sayen dashe

A nan ake yin rabin asarar, don haka a natsu.

Nemi mai tsayin santimita 40 zuwa 70, mai hawa uku zuwa biyar. Mutane sun fi rububin wadda ta kai ƙirjin mutum, amma irin wannan ta daɗe a leda, saiwarta ta nannaɗe, ga tsada, ga wuyar kamawa. Sau da yawa ƙaramar da aka dasa da kyau takan cim ma babbar cikin 'yan shekaru.

Fara duba kan. Ya zama tsini ɗaya ne miƙe, kore mai haske, da laushi in an shafa. In ya bushe, ko ya rabu biyu, ko akwai alamar yanka, a bar ta. Sai rassan: kowane hawa ya zagaye ganga, yawanci rassa biyar ko kusa da haka. Akwai masu yanko reshen gefe su kafa a leda ya yi saiwa su sayar. Irin wannan dashe ba ya taɓa miƙewa sama, a kwance zai yi ta girma har ya mutu, ko da an ɗaure shi a sanda. Ana gane shi da cewa ganyensa ya shimfiɗu ta ɓangare biyu kawai, ba ya zagayawa.

Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har mai sayarwa sai ya tsinke ta kafin ya ɗago, wannan dashen zai yi jinya. Shinshina ƙasar cikin ledar kuma: warin ruɓa alama ce ta saiwa ta fara lalacewa. Buɗe tsakanin rassa da ganga ka leƙa ko akwai wani farin abu mai kama da auduga, wannan ƙwaro ne, kada ka kai shi gida.

In ka ga tsiro uku ko huɗu a leda ɗaya, an haɗa su ne don su cika ido a tukunyar ado. A fili ɗaya ake so. Zaɓi mafi miƙewa, ka datse sauran daidai ƙasa da almakashi. Kada ka fizge su, za ka yayyaga saiwar wadda ka bari.

Akwai wata 'yar uwarta daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya, shi ma a tekun Fasifik, da ake sayarwa da suna ɗaya, kuma suna ƙanana da wuya a bambance su. Ita in ta girma siririya take zama, rassanta gajeru, ɓawonta yana saɓulewa siriri-siriri, kuma takan ɗan karkata. Kulawarsu ɗaya ce. Ga mai ƙaramin gida ma ita ta fi dacewa, don haka a tambayi mai raino daga wace uwa ya samo irin.

Gargaɗi a kan lokaci: a watan Disamba ne take cika kasuwa saboda Kirsimeti, kuma shi ne lokacin da ya fi muni a sa ta a ƙasa. In ka saya a lokacin, bar ta a ledarta cikin inuwa mai haske, kana ba ta ruwa, har damina ta sauka.

4. Kawo ta gida da sabar da ita

Ɗauke ta ta leda, ba ta wuya ba. In a babur ko bayan mota za a ɗora, a lulluɓe ta da buhu ko zane a tsaye, a kula kada kan ya lanƙwashe. Iskar tafiyar awa ɗaya ta isa ta ƙone ganyen, kuma ba za a ga ɓarnar ba sai bayan kwanaki.

Dashen da ya taso daga Yawunde ko Duwala, ko wanda aka raina a rumfa, bai san ranar tudu ba. A ba shi mako biyu zuwa uku: makon farko a inuwa mai haske, na biyu ranar safe zuwa hantsi, na uku har azahar. In aka tsallake wannan, gefen da rana ke duka zai yi fari-fari sannan ya yi ja.

5. Haƙa rami

Kayan aiki: diga, shebur, dagi, bokiti biyu, reza, da sanda miƙaƙƙiya. A haƙa tun cikin Maris ko farkon Afrilu, ramin ya sha ruwan fari kafin dashe.

Faɗi santimita 60 zuwa 80, zurfi 60. Faɗin ya fi zurfin muhimmanci. Ƙasar sama, mai duhu, ta tafi gefe ɗaya, jar ƙasar ciki ta tafi ɗaya gefen. Bangon ramin in ya yi sumul saboda shebur, a caccake shi da diga, in ba haka ba saiwa za ta yi ta kewaya ciki ba ta huda ba.

Yanzu sai gwajin da mutane ke tsallakewa. Cika ramin da ruwa, bari ya tsotse, sake cikawa da yamma. In da safe babu ruwa, wurin ya yi. In har ya kwana ya wuni da sauran ruwa, to akwai yumɓu ko marmara a ƙasa. A wurare da dama a tudun nan ana cin karo da marmara tun kafin a kai zurfin gwiwa. Gwada huda ta da dagi a wuri biyu ko uku. In ta huda ruwa ya wuce, shi ke nan. In ta ƙi, ko dai a canza wuri, ko a mayar da ƙasar a tara tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da faɗin mita ɗaya da rabi, a dasa a kansa. Kada a zuba tsakuwa a gindin rami da sunan magudana. Ba ta fitar da ruwan ko'ina, sai ma ta sa ya taru kusa da saiwa.

Haɗin ƙasa: kashi uku ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu, wato kamar bokiti biyu a rami ɗaya. In ƙasar mai danƙo ce a ƙara bokiti ɗaya na yashin rafi mai gautsi. Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara da gwazarma. Takin zamani kada ya shiga rami ko kaɗan.

Gargaɗi a kan gara: kafin dashe a zagaya a ga ko akwai suri kusa, a fasa shi. A tsince duk wani guntun icce ko tsohuwar saiwa da ke cikin ramin, su ne abincin da ke fara janyo ta. Wasu na cika rami da toka don korar gara. Toka mai yawa tana yi wa ƙasa irin illar siminti, don haka in za a yi amfani da ita, a barbaɗa kaɗan a bakin da'ira daga waje. Baƙin man inji kuwa guba ne ga saiwa, kada a kusanto da shi.

6. Ranar dashe

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. A tudun nan akan yi ruwa ɗaya ko biyu a ƙarshen Maris sannan a ɗauke na kwanaki. Jira sai damina ta zauna, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da in ka tona ƙasa zurfin santimita 30 za ka same ta da danshi. Bayan Yuli an makara, saiwa ba za ta yi nisa ba kafin rani. A dasa da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana.

Shayar da dashen a ledarsa tun da safe don ƙasar ta riƙe juna. Mayar da haɗin ƙasa cikin rami ka tattake shi, har ya zama in ka ajiye ledar, saman ƙasarta ya ɗara bakin ramin da kamar yatsa biyu. Gitta sandar nan a bakin ramin ka auna, kada ka dogara da ido. Ƙasar za ta zauna daga baya ta daidaita.

Yanke gindin ledar da reza, tsaga gefenta daga sama zuwa ƙasa, ka zare ta gaba ɗaya. Ana samun masu barin leda da cewa za ta ruɓe, ba ta ruɓewa. In saiwa ta nannaɗe a gindi, warware ta da yatsa a hankali, wadda ta ƙi warwaruwa a yanke lanƙwasar da reza mai tsabta. Sa wani ya ja baya ya duba ta fuska biyu ko ta miƙe, sannan ka cike gefe, kana dannawa da hannu. Zuba ruwa lita 20 a hankali ko da an yi ruwan sama ranar.

Gargaɗi: zurfafa dashe ya fi kowane kuskure yawa. Inda ganga ta haɗu da saiwa ya tsaya daidai fuskar ƙasa. In aka binne wuyan, ɓawon zai ruɓe a ɓoye, bishiyar ta yi wata biyar ko shida lafiya lau sannan ta mutu a tsaye. Kuma kada a yi mata huɗa kamar masara.

7. Turke da shinge, a ranar

Saiwarta ba ta da ƙarfi tana ƙarama, ga guguwar farkon damina. Kafa turke biyu, ɗaya ta kowane gefe, tazarar santimita 40 daga ganga don kada su soki saiwa. Rodin gini ya fi icce, gara ba ta cin sa. Ɗaura da tsagin robar tiyub ko tsumma mai faɗi a tsakiyar tsayinta, a gitta ɗaurin tsakanin turke da ganga don kada su goga. A bar ta tana ɗan motsi in iska ta kaɗa, wannan motsin ne ke sa gangar ta yi ƙwari. Waya da igiyar leda suna nutsewa cikin ɓawo. Duba ɗaurin duk wata biyu ka sassauta, a cire shi gaba ɗaya bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Shingen ba na gobe ba ne. Akuya ko maraƙi cizo ɗaya za su yi wa kan, aikin ya lalace. Ginshiƙi huɗu da wayar raga mita biyar sun isa su yi da'ira mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi, a manne gindin wayar da ƙasa saboda kaji masu tono. In rassa suka fara taɓa waya a faɗaɗa shingen, kada a datse rassan. A ja wa yara kunne ma, kan yana da laushi kuma hannu yana son taɓa shi.

8. Daminar farko

Aikin ba shi da yawa. A cire ciyawa da hannu a da'irar mita ɗaya, fartanya tana yanke ƙananan saiwoyin da ke kusa da sama. In aka yi mako guda ba ruwa, a ba ta bokiti ɗaya.

Bayan mako shida da dashe, sa taki NPK 20-10-10 cikin kwalin ashana ɗaya, a zagaye a tazarar santimita 30 daga ganga, a rufe da ƙasa mai danshi. A maimaita sau ɗaya a watan Agusta, daga nan a tsaya. A shekara ta biyu a ninka, sau biyu dai cikin damina. Yuriya zalla tana sa ta yi tsawo ba ƙwari, in ta yi yawa kuma ta ƙone bakin ganye. Da rani ba a sa taki.

A Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya fi yawa, fita ka duba gindinta bayan an ɗauke ruwa. In ruwa ya kwanta fiye da awa ɗaya ko biyu, ja masa 'yar hanya ya fita. Kada ka damu in ba ta ƙara tsawo sosai ba a wannan shekara, ƙasa take kamawa. Daga shekara ta uku ne take sakin jiki, ta riƙa ƙara santimita 30 zuwa 60 ko fiye a shekara.

9. Rani na farko da na biyu

Nan ne ake rabuwa da yawancinsu. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan babu ɗigon ruwa, bishiyar kuma ba ta zubar da ganye ta huta kamar itatuwan dajinmu. Tana nan da ganyenta, iska na zuƙe ta dare da rana. Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne ba ta yaushi ta nuna ƙishi. Kafin a ga ta canza launi, an yi makonni da yin ɓarnar.

A farkon Nuwamba yi mata kwano: ɗan tudun ƙasa mai zagaye, faɗin mita ɗaya, da zai riƙe ruwa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganyen darbejiya a ciki, kaurin yatsa huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da ganga. In ta manne da ganga, gara ta samu gada. Ɗaga ciyawar duk mako ka leƙa. In ka ga hanyar gara ta jar ƙasa ta fara hawa jikin bishiyar, kankare ta, ka nemi maganin gara wurin masu sayar da magungunan gona, ka bi awon da ke jikin kwalba.

Ruwa: jarkar lita 20 sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Janairu, sau uku a mako a Fabrairu da Maris. A zuba gaba ɗaya ya nutse, da sassafe ko da yamma. Yayyafin kofi ɗaya kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taso sama, rana ta dafa ta. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasa: in ya fito da laka a jiki, ƙara kwana ɗaya. Ruwan rijiya da na famfo duk sun yi, ruwan wanki mai omo ko bilic bai yi ba.

Kafa zana ta gefen arewa maso gabas, a jikin shingen daga waje, ta tare iska. Kada a rufe sama. Sau ɗaya a mako watsa wa ganyen ruwa da safe ya wanke ƙurar hazo, wannan yana rage wasu jajayen ƙwari 'yan mitsi-mitsi da ke yaɗuwa in iska ta bushe.

Gargaɗi ga masu dasawa a gona ko bayan gari: ganyenta da ƙaronta suna kama wuta da sauri. Tun a Nuwamba a share ciyawa mita uku ta kowane gefe, kafin a fara cinna wa daji wuta.

In damina ta dawo, fasa kwanon ta gefe ɗaya. A rani na biyu a rage zuwa sau ɗaya a mako amma a ninka ruwan, jarka biyu a zubi ɗaya, a bakin inuwar rassa ba a jikin ganga ba. Daga na uku, ban ruwa mai yawa sau biyu a wata a Fabrairu da Maris ya wadatar.

10. Ajiye adda

Ba a yi wa arokariya aski. Reshen da ya bushe ƙurmus shi kaɗai ake cirewa, da zarto ko almakashi, dab da ganga ba tare da an ci ɓawonta ba. Masu sare rassan ƙasa don wai ta yi saurin tsawo suna ɓata ta ne kawai.

In tsautsayi ya sa kan ya karye, gyara wurin da yanka ɗaya mai tsabta ka jira. Yawanci sabbin tsiro biyu ko fiye za su fito daga saman gangar suna kallon sama. Bari su kai santimita 15 zuwa 20, zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, cire sauran, ka tallafe shi da siririyar sanda. Za a ga ɗan gwiwa a wurin, amma za ta ci gaba. Kada a ɗago reshen gefe a ɗaure shi tsaye da fatan ya zama kai, ba zai zama ba.

11. Karanta alamun ciwo

Rassan ƙasa suna ja suna bushewa, ƙasa ta bushe: ƙishi ne. Ƙara ruwa, amma waɗanda suka mutu sun tafi.

Rassa sun sunkuya, launi ya dushe, ƙasa kuwa jagab: saiwa ce ke ruɓewa. Tsayar da ban ruwa, buɗe wa ruwa hanya, tone wuyan in an binne shi. In ka kankare ɓawon gindi da farce ka ga baƙi-baƙi maimakon kore, ta riga ta tafi, kuma kada a sake dasa wata a wannan ramin.

Gefe ɗaya kawai ya ƙone: iska ce ko rana, ko zafin bango ko kwanon rufi da ke kusa.

Farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ko wasu ƙananan ɓawo da suka manne a reshe, ga tururuwa na hawa da sauka, ganye na danƙo yana baƙi: narka sabulun wanki na sanda cokali ɗaya a lita ɗaya na ruwa, fesa da yamma har cikin lungun rassa, wanke da ruwa washegari. A maimaita duk mako har sau uku.

Babbar bishiya kuwa in tana zubar da tsofaffin ƙananan rassa daga ciki, ba ciwo ba ne. A dai riƙa sharewa, suna da tsini kuma suna toshe indararo.

12. Lissafin kuɗi

Farashin dashe yana bin tsayinsa, mai mita ɗaya yakan ninka ƙarami sau da yawa, don haka a zagaya wurin masu raino biyu ko uku kafin a ciro sefa. Amma ba dashen ne ke cin kuɗi ba. A lissafa wayar raga mita biyar, ginshiƙi huɗu, rodi biyu, zana ɗaya, taki bokiti biyu, da ladan mai haƙa in wurin marmara ne. Takin zamani ƙasa da rabin kilo ya isa shekara biyu, ba sai an sayi buhu ba. Ruwa ne babba: a ranin farko bishiya ɗaya za ta sha jarka hamsin da 'yan kai, sama da lita 1,000. Wanda ke sayen ruwa ya ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarsu, sannan ya yanke shawarar guda nawa zai dasa.

13. Ga mai son tayar da ita daga iri

Irin yana mutuwa da wuri, cikin makonni ƙarfinsa ke raguwa, don haka sai wanda ya faɗo sabo daga babbar bishiya. Zaɓi masu nauyi da cika, da yawa fanko ne. Cika leda da ƙasar sama da yashi rabi da rabi, soka irin ta tsininsa har rabinsa ya nutse, ajiye a rumfa mai rabin inuwa, ƙasar ta kasance da danshi ba jagab ba. Rufe da wayar raga saboda ɓera. Mai rai yakan tsiro cikin mako biyu zuwa uku, da 'yan ganye huɗu na fari. Daga nan sai haƙuri, zai ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya kai tsayin dashe. A riƙa ɗaga ledar duk wata ana canza mata wuri don kada saiwa ta huda ƙasa, a kuma juya ta don kada tsiron ya karkata wajen haske.